Kod ɗin da wani zai gada: nasiha ga masu gina katangar tsaro

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, na Jami'ar Djibo Hamani da waɗanda suka koya da kansu a bayan shagon gyaran waya, akwai manhajar da kowannenku ke amfani da ita kullum bai taɓa ganinta ba. Tana cikin wayar Android da ke aljihunku, domin a kan Linux aka gina Android. Tana cikin ɗan akwatin MikroTik da masu sayar da tikitin wifi ke ratayewa a bango a unguwannin Tahoua. Ita ce katangar tsaro, fayawol a bakin masu sana'a. Duk fakitin bayani da zai shiga ko zai fita sai ta dube shi ta yanke hukunci: ya wuce, ko a jefar da shi. Mazauninta kuma cikin kanel ne, zuciyar tsarin kwamfutar, inda babu mai tsawata mata. Manhajar lissafin shago in ta yi kuskure rufewa take yi, a sake buɗe ta. Kuskure a kanel kuwa, ko na'urar ta tsaya cak, ko abin da ya fi muni, ta ci gaba da aiki lafiya lau alhali ƙofa tana buɗe ga wanda ya san hanya.

Duk wanda ya fara rubutu a wannan wuri, kod ne ko jerin dokokin katangar kawai, sha'awar sauri ce ke fara kama shi. Sha'awar tana da tushe. Layin da ke ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, in aka cika shi da fakitoci mafiya ƙanƙanta, yana kawo fakiti miliyan 14.88 kowace daƙiƙa. Rabon kowane fakiti ke nan nanodaƙiƙa 67, nanodaƙiƙa kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa. Furosesa ya miƙa hannu sau ɗaya zuwa babbar memori don ɗauko abin da ba ya kusa da shi, wannan kaɗai na iya cinye lokacin kusan duka. Masu aiki a manyan rumbunan bayanai na Amurka da Turai da Sin dole su ƙirga kowane motsi. Rubuce-rubucensu kuke karantawa da dare, dabarunsu kuke kwaikwayo.

To ku yi lissafin naku layin. Megabit 100, da cikakkun fakitoci masu bait 1500, fakiti kusan 8,100 ne a daƙiƙa. Kowanne yana da fiye da mikrodaƙiƙa 120, wato ninki 1,800 na abin da mai layin gigabit 10 yake da shi. Ko da duk ƙanana ne, ninki 100 kuke da shi. Ofis nawa, makaranta nawa, asibiti nawa tsakanin Keita da Tchintabaraden ke da layin da ya kai megabit 100? Abin da ke kashe mana rezo mun san shi: ɗaukewar kuran, zafin Afrilu da Mayu da ke haye digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da eriyar da iska ta karkatar. Wanda ya dagula kod ɗinsa don ya tsira da nanodaƙiƙa 20 a irin wannan layi ya biya tsada, bai sayi komai ba.

Ban ce sauri bai dame mu ba. Na'urorinmu ƙanana ne, da yawa na hannu ne, furosesarsu mai rauni, kuma a ƙauye da fanel da batir suke rayuwa. Duk aikin banza da na'ura ta yi, wuta ce ta sha, zafi ne ta ƙara. Abin da nake so ku gane shi ne inda saurin yake fitowa. A tarihin katangun tsaro, babban rabon sauri daga rage aiki ya zo, kuma sau da yawa hanyar da ta fi sauri ita ce ta fi daɗin karatu.

Ku ɗauki teburin haɗi. Katanga mai hankali ba ta sake yi wa kowane fakiti shari'a daga farko. Idan waya ta buɗe hira da wata sabar, fakitin farko ne ake bi da shi ta cikin dokoki. In ya sami izini, sai a rubuta hirar a tebur: adireshin nan, da wancan, da lambobin ƙofofinsu. Dubban fakitocin da za su biyo baya dubawa ɗaya ake yi musu a teburin su wuce. A Linux sunan wannan conntrack. Da shi, ko dokokinku sun kai 500, yawancin fakitoci ba za su taɓa ganin ta goma ba, muddin kun sa dokar da ke gane tsohuwar hira a sama.

Ko kuma a ce kuna da adireshi 10,000 da kuke son toshewa. Sabon shiga zai rubuta doka 10,000, kowane sabon fakiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga sama har ƙasa. Wanda ya san aiki doka ɗaya zai rubuta, ta ce a duba cikin wannan tarin. Tarin kuma an jera shi yadda lissafi ɗan kaɗan zai nuna gurbin da adireshi yake, in yana nan, ba sai an bi layi ba. Wannan ne ipset na Jozsef Kadlecsik, mutumin Hangari, kuma ipset ɗin ya shiga kanel ɗin Linux a 2011. A MikroTik jerin adireshi ake ce masa. Ku lura da kyau: doka ɗaya ta fi 10,000 sauri, ta kuma fi su sauƙin karantawa. Babu abin da aka sadaukar.

Misalin da ya fi burge ni na OpenBSD ne, wani tsarin kwamfuta daban da Linux. A watan Mayu na 2001 suka cire IPFilter, katangar Darren Reed, saboda saɓani kan lasisi, suka wayi gari babu katanga. Daniel Hartmeier, ɗan ƙasar Suwizalan, ya rubuta sabuwa mai suna pf, ta fito cikin OpenBSD 3.0 a Disamba na wannan shekara. Cikin dabarunta akwai ta tsallake. Lokacin da ake loda dokoki, pf tana duba waɗanda ke jere da juna masu sharaɗi iri ɗaya, misali doka 40 da duk suke magana kan ƙofar rezo guda. In fakiti ya zo ta wata ƙofar daban, da ya kasa dacewa da ta farko sai a tsallake sauran 39 gaba ɗaya. Mai rubuta dokoki bai yi komai ba, ya rubuta su yadda mutum zai fahimta, ya haɗa masu kama da juna wuri ɗaya kamar yadda hankali ke so. Wayon yana wuri guda cikin kod, an yi shi sau ɗaya lokacin lodi, an gwada shi, kowa ya huta. Duk lokacin da kuka ji hannunku na ƙaiƙayin yin dabara, ku fara tambayar ko za a iya tura ta can gefe, na'ura ta riƙa yi da kanta kafin fakiti ya iso.

Akwai kuma saurin da ake biya, kuma masu sayar da wifi sun fi kowa saninsa. Tun 2015 RouterOS na MikroTik ke da FastTrack. Doka ce layi ɗaya: hirar da aka riga aka amince da ita, fakitocinta su bi ta gajeriyar hanya. Nauyin furosesa ya faɗi nan take, ƙaramin akwati ya yi aikin babba. Amma gajeriyar hanyar ba ta bi ta sauran dokokin katanga, ba ta kuma bi ta layukan da ke ƙayyade wa kowane mai tikiti rabonsa. Sai ka ga an sayar wa mutum megabit 2 yana jan 20, sauran unguwa suna zagin rezo. Mai akwatin ya duba dokokin ƙayyadewa ya gan su daidai, harafi da harafi, domin laifin ba a can yake ba. Yana cikin layi guda da wani ya ƙara wata shida da suka wuce bai rubuta dalili ba. FastTrack abu ne mai kyau, Linux ma ta sami irinsa a 2018. Sai dai duk gajeriyar hanya tana sa abin da aka rubuta ya daina zama abin da ke faruwa, kuma wanda ya buɗe ta bashi ne a kansa ya rubuta a gefenta wa ke bi ta nan, me kuma aka tsallake.

Waɗanda suka zauna gaban malam a zaure sun san bambancin Risala da Muhtasar. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta Risala don masu farawa, magana a shimfiɗe. Shaihu Halil ɗan Ishaƙ kuwa, a Masar cikin ƙarni na 14, ya dunƙule fiƙihun Malikiyya cikin kalmomi kaɗan don a iya haddacewa, har kalma guda takan tsaya a madadin Mudawwana, wata a madadin ra'ayin Lakhmi, wata na Ibn Rushd. Dunƙulewar tana da dalili. Amma ku tuna abu biyu. Shaihun bai bar mutane cikin duhu ba, tun a gabatarwa ya bayyana abin da kowace alama ke nufi. Duk da haka sai da Dardir ya yi sharhi, Dasuƙi ya yi hashiya a kan sharhin, kuma har yau ba a shiga littafin sai da malami. Kod ɗinku ba zai sami Dardir ba. Ku rubuta shi Risala. In akwai gaɓar da ma'auni ya nuna dole a dunƙule ta, ku dunƙule, ku ajiye mabuɗin a samanta.

Kada ku ɗauka wannan maganar ado ce. A Janairun 2024 aka toshe wata ɓaraka a nf_tables, katangar Linux ta zamani, mai lamba CVE-2024-1086. Ga yadda take. Hukuncin da katanga ke yanke wa fakiti lamba ce guda, kuma an cusa ma'ana biyu a cikinta: wani ɓangare yana cewa a jefar ko a bari, wani ɓangaren yana ɗauke da lambar kuskuren da za a mayar in an jefar. Tattali ne, irin wanda masu kanel ke yi kullum. Sai dai wurin da ke karɓar dokoki daga mai amfani bai tace lambar yadda ya kamata ba. Mai mugun nufi yana iya ƙera lambar da gaɓa ɗaya za ta karanta a matsayin jefarwa, ta mayar da memorin fakitin, amma amsar da ta miƙa sama ta yi kama da izinin wucewa. Fakitin da aka riga aka share ya ci gaba da tafiya, a sake mayar da memorinsa karo na biyu, daga nan mutumin da ba shi da wani iko a na'urar ya zama mai cikakken iko. Canjin da ya buɗe wannan ƙofa tun 2014 aka yi shi. Shekara kusan 10 yana zaune a cikin kod ɗin da duniya duka ke iya karantawa, a hannun mutanen da suka fi ni da ku ƙwarewa nesa ba kusa ba. A Mayun 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sa ɓarakar cikin jerin waɗanda aka tabbatar ana kai hari da su. Kafin nan, a 2021, Andy Nguyen na Google ya tono wani kuskuren a ɓangaren iptables, tsohuwar katangar Linux, a lungun da ke juya bayanan manhajoji masu bit 32 zuwa 64. Ƴan baitocin sifili ne ake rubutawa a wajen iyaka, kuma tun 2006 suke nan. Wannan na biyun ba neman sauri ne ya jawo shi ba, lungu ne kawai da ido ba ya yawan zuwa. Darasinsu ɗaya: a katangar tsaro, layin da ba a karantawa, ko wanda ake karantawa ba a gane shi sarai, nan ɓarawo ke kwana.

Adalci ya sa in kawo muku inda aka zaɓi sauri da ido buɗe, kuma ba zan ce an yi kuskure ba. FreeBSD, ƴar uwar OpenBSD, ta ɗauki pf daga wurinta, ta fito da ita a 2004. A lokacin kwaɗo guda ne ke tsare dukan katangar, komai yawan ƙwaƙwalen furosesa ɗaya ce ke iya shiga a lokaci guda, sauran suna jira. A 2012 Gleb Smirnoff ya sake fasalin kod ɗin, ya raba kwaɗon zuwa ƙanana masu yawa, aikin ya fito cikin FreeBSD 10 a farkon 2014. Sauri ya ƙaru a manyan na'urori, kuma katangun pfSense da OPNsense, da kamfanoni da yawa ke dogara da su, sun ci moriyarsa. Kuɗin da aka biya shi ne kod ɗin ya yi nisa da na asali. Gyaran da aka yi a OpenBSD ba a iya ɗauko shi a manna kai tsaye, sai an zauna an sake sassaƙa shi. Har salon rubuta dokoki ya bambanta shekara da shekaru, domin OpenBSD ta canza nata a 2010, FreeBSD ta daɗe a kan tsohon. Mutanen FreeBSD sun auna, suna da masu amfani da ke buƙatar saurin, suna da mutanen da za su ɗauki nauyin rarrabuwar. Kafin ku yi irin wannan, ku duba ko kuna da ukun nan.

Linux ma ta sha nata. Rusty Russell na Ostireliya ya fara netfilter, ginshiƙin katangar Linux, a 1998, iptables ta zo da kanel 2.4 a 2001. Da tafiya ta yi tafiya sai aka sami kayan aiki huɗu masu kama da juna, iptables da ip6tables da arptables da ebtables, kod ɗinsu kwafi ne da ɗan gyara. Kwafa ta fi sauri a ranar da ake rubutu. Bayan shekaru, gyara ɗaya ya zama gyara huɗu. Wannan yana cikin dalilan da suka haifi nftables, wato nf_tables ɗin da na ambata, wadda ta shiga kanel 3.13 a Janairun 2014 da tsari guda ga dukansu. A can ƙolin sauri kuma, inda ake amfani da eBPF da XDP don jefar da fakiti tun bai gama shigowa ba, kanel ba ta yarda da alƙawarin kowa. Akwai mai tantancewa da ke bin ɗan shirin da aka miƙo masa reshe reshe, in ya kasa tabbatar da cewa zai ƙare kuma ba zai taɓa memorin da ba nasa ba, ya ƙi loda shi. Masu neman sauri mafi tsanani su ne suka fi kowa kafa wa kansu shinge.

Yanzu in dawo gida, domin mu ƴan Adar muna da wani dalili na musamman. Ƙasar bida ce. Kakanninmu da iyayenmu sun tafi Abijan da sauran biranen kurmi, wasu Libiya da Aljeriya, kuma mai ilimin kwamfuta ya fi kowa saurin samun kira daga Yamai ko waje. Wanda ya girka katangar wata ƙungiya ko wani asibiti a bana, da wuya a same shi a garin bayan shekara uku. Wanda zai gaje shi ƙila ƙanwarku ce da ta gama karatu jiya, aka tashe ta da tsakar rana rezo ya tsaya, shugaba yana tsaye a kanta, lambar wayarku kuma ta daina shiga. Ita kuke rubuta wa. Ku raɗa wa abubuwa sunan da ke faɗin aikinsu. Bayanin gefe ya faɗi dalili, domin abin da layin ke yi ita ma tana gani; abin da ba ta gani shi ne me ya sa kuka zaɓi haka, da ranar da kuka auna, da lambar da kuka samu. Da Faransanci ne, da Ingilishi, ko da Hausa, ku zaɓi wanda magajin zai karanta ku tsaya a kansa. Ni ban ga aibin bayanin gefe da Hausa ba in aikin na gida ne.

Maganar awo kuwa babu sassauci a cikinta. Zato a kan inda lokaci ke tafiya cikin kod yawanci ƙarya yake yi, har ga tsofaffin hannu. Gaɓar da ke cin kashi 5 cikin 100 na lokaci, ko kun ninka saurinta biyu, kashi 2.5 kawai kuka samu, ga kod da ya ƙara duhu har abada. Kayan awon kyauta ne: iperf3 don sanin abin da layi ke ɗauka, perf don ganin inda furosesa ke ɓata lokaci a Linux, tcpdump don ganin fakitin da idonku, da ƙididdigar da kowace doka ke riƙewa ta yawan fakitin da suka faɗa mata. Dokar da ƙididdigarta ke kan sifili wata da watanni, ko ba ta da amfani ne, ko wata a sama tana tare ta, kuma duka biyun ya kamata ku sani. Ku auna kafin gyara, ku auna bayansa, a kan na'urar da za ta yi aikin, ba a kan laftof ɗinku mai ƙarfi ba. In bambancin bai fi rawar da awon kansa ke yi ba, ku mayar da tsohon kod.

Ga aikin da zan ba wanda yake so ya shiga wannan fage da gaske. Ya sauke kod ɗin OpenBSD lokacin da rezo ke da sauƙi, ya buɗe fayil ɗin pf.c, ya bi fakiti guda daga shigarsa har hukuncinsa da biro da takarda. Zai ɗauki kwanaki, zai kuma ga yadda manya ke raba aiki gaɓa gaɓa. Sannan ya rubuta ƴar katangarsa da harshen C a wajen kanel, mai bin dokoki a jere, ya auna ta da adireshi 10, da 1,000, da 10,000. Ya canza ta zuwa tari mai gurabe ya sake aunawa. Daga nan ya miƙa wa abokin karatunsa kod ɗin ba tare da ya ce uffan ba, ya roƙe shi ya ƙara doka ɗaya sabuwa, shi kuma ya zauna gefe yana rubuta duk inda abokin ya tsaya yana sosa ƙeya. Waɗannan wuraren ne zai koma ya gyara.

In kuma lokaci ya yi da za ku taɓa katangar da mutane ke aiki da ita, ku fara gwadawa a na'urar kwaikwayo cikin kwamfutarku. A Linux, umarnin nft yana iya duba fayil ɗin dokoki ya faɗi ko akwai kuskuren rubutu ba tare da ya loda su ba. A MikroTik ku kunna Safe Mode kafin ku canza komai daga nesa, domin in dokar da kuka sa ta yanke ku, akwatin zai warware canjin da kansa bayan ƴan mintoci. In ba haka ba, akwatin yana Abalak kuna Tahoua, sai dai ku nemi mota.